Ciwon jijiyar ƙugu da zaman iyali: amsa ga wadda ta shekara uku tana fama

Wata baiwar Allah ta rubuto tana cewa: "Shekara uku ke nan, tun haihuwata ta biyu, nake fama da raɗaɗi daga gabana zuwa dubura. Da safe da sauƙi, da yamma kamar an zuba mini garwashi, kuma zama ne ke tayar da shi. An yi ta ba ni maganin sanyi ba adadi, daga baya wani likita ya ce jijiya ce. Maigidana ya fara ganin kamar gudunsa nake yi, yarana sun saba ganina a kwance, dangi na cewa na yanke zumunci. Akwai ranar warkewa kuwa? Yaya zan riƙe gidana kafin nan? Kuma zan iya sake haihuwa?"

Sannu da jiki, baiwar Allah, Allah ya ba ki lafiya. Yadda kika zayyana ciwon nan, wurinsa da lokacinsa da abin da ke tayar da shi, ya yi kama ƙwarai da ciwon jijiyar fudendal, kodayake likitan da ya duba ki ido da ido ne zai tabbatar. Akwai sauƙi na gaske, amma a hankali yake zuwa, cikin watanni. Don haka bai kamata a jingine aure da tarbiyya da zumunci a ce sai an warke ba. Tun yau ake sake tsara gidan daidai da abin da jijiyar za ta iya ɗauka, magani kuma yana tafiya a gefe.

Ita fudendal jijiya ce ta saƙo, ba ta jini ba, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tana fitowa daga saiwa ta biyu da ta uku da ta huɗu na ƙashin da ke can ƙarshen gadon baya, ta ratsa tsakanin wasu igiyoyi biyu masu tauri da ke ɗaure ƙasusuwan ƙugu, sannan ta bi wani siririn lungu a jikin ƙashin da ake zama a kai. Lungun nan da sunan Benjamin Alcock ake kiransa, masanin ƙirar jiki ɗan ƙasar Ailan da ya bayyana shi a 1836. Jijiyar tana da reshe uku: ɗaya zuwa dubura, ɗaya zuwa tsakanin dubura da al'aura, ɗaya zuwa ɗan tsaka ga mace ko azzakari ga namiji. Ita ke ɗauko saƙon taɓi da zafi da jin daɗin saduwa daga wuraren nan, kuma tana da hannu a tsokokin da ke riƙe fitsari da bayan gida. Doguwar naƙuda na iya miƙe ta ko danne ta. Haka ma tiyata a ƙugu, faɗuwa a kan ɗuwawu, yawan yunƙuri saboda taurin bayan gida, da hawan keke mai nisa, shi ya sa maza ma ke kamuwa.

A 2008 ƙwararru a birnin Nantes na Faransa suka wallafa sharuɗɗa biyar da ake gane ciwon da su: raɗaɗin yana yankin da jijiyar ke kaiwa, zama na ƙara shi, ba ya tada mutum daga barci, in likita ya gwada fatar wurin zai tarar ana jin taɓi daidai, kuma in aka yi allurar kashe zafi a kan jijiyar sai ya lafa na ɗan lokaci. Da yawa kuma sukan ji sauƙi a kan kujerar masai, saboda tsakiyarta a buɗe take, nauyi ba ya sauka inda jijiyar take.

Ki duba sharuɗɗan nan da idon maigidanki. Yana ganin mace ta yi barcinta lafiya, ta tashi da safe da kuzari, babu kumburi, babu jini, gwajin fitsari ya fito ƙalau, hoto sau da yawa bai nuna komai ba, sai dare ya yi ta ce ba ta iyawa. In ba a yi masa bayani ba, da kansa zai nemo wa abin fassara, kuma fassarar da ta fi kusa da zuciyar miji ita ce an daina son sa. Ga shi wurin ciwon wuri ne da baki ke nauyin ambata. A ganinmu shirun nan na yi wa aure ɓarnar da ta kusa kai ta ciwon kansa, kuma shi ne abin da ya fi saurin gyaruwa.

Ki zaɓi lokacin maganar. Ban da kan shimfiɗa, ban da daren da kika ce masa a'a, ban da lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa. Da safe ya fi, yara ba sa kusa. Ki faɗi abu uku a fili: sunan ciwon da wurinsa, abin da ke tayar da shi, da abin da kike so daga gare shi. Misali: "Maigida, jijiyar da ke kai ji zuwa gabana ce ta samu matsala. Zama da saduwa na tayar da ita, wani lokaci sai washegari nake jin zafin. Ba kai nake gudu ba, zafin nake tsoro. Ina so ka raka ni wurin likita ka ji da kunnenka." Rakiyar nan tana da nauyi. Ki roƙi likita ya zana masa hanyar jijiyar a takarda, ya kuma gaya masa cewa ba cutar da ake ɗauka wajen saduwa ba ce, ba ta yaɗuwa, ba kuma alamar wani ya ci amanar wani ba ce. Inda aka shekara ana shan maganin sanyi, zargi kan kwanta a zuciya ba a furta shi ba, gara a tono shi a kashe.

Daga nan ku yi yarjejeniyar lambar auna zafi, daga 0, wato babu zafi, zuwa 10, wato zafi mafi tsanani. Maimakon "yaya jikin?" sau goma a wuni, amsar kuma kullum "da sauƙi" ko da babu sauƙin, sai ki ce "yau ina 3" ko "na kai 7". Ku tsayar tun da wuri me kowace lamba ke nufi a aikace. Ƙasa da 4, harkoki na tafiya yadda aka tsara. Daga 4 zuwa 6, ana rage zama da ɗaukar nauyi. Daga 7, shi ke karɓar yara da yamma, ke ki kwanta, babu neman uzuri babu jin laifi.

Akwai abin da ya kamata shi ma ya sani. Masu bincike a Kanada, irin su Natalie Rosen da Sophie Bergeron, sun daɗe suna nazarin ma'auratan da matar ke jin zafi wajen saduwa. Sun ga mazan kan kasu uku wajen mayar da martani: mai fushi da gunaguni, mai tsananin tausayi da ke cewa a bar komai kar a taɓa ta, da mai ƙarfafa gwiwar a nemi hanyar da ba ta da zafi. Na farko ba sai an faɗi illarsa ba. Abin lura shi ne na biyun ma an same shi tare da ƙarin zafi ga matar, na ukun ne aka samu tare da raguwar zafi da ƙarin gamsuwa. Nazarin a kan wani ciwo ne maƙwabcin naki, amma darasin ya shafe ku. Mijin da ya hana ki ɗaga ko tsinke, ya daina kusantarki gaba ɗaya don tausayi, da kyakkyawar niyya yake yi, sai dai yana tabbatar wa jikinki cewa komai haɗari ne.

Batun shimfiɗa shi ya fi buƙatar a tsaya a kai. Abu uku ke haɗuwa su ba da zafi. Na ɗaya, jijiyar kanta ta zama mai saurin harzuƙa, taɓin da ya kamata ya yi daɗi sai ya zama ƙuna. Na biyu, tsokokin ƙasan ƙugu na ɗaurewa da kansu don kare wurin, ɗaurewar kuma ta ƙara matse jijiyar. Na uku, idan zafi ya daɗe, laka da ƙwaƙwalwa kan ƙara ƙarfin saƙon, abin da masanin jijiyoyi Clifford Woolf ya fara nunawa a gwajinsa na 1983. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura, to haka jijiyoyin suka koma. Wannan ba ya nufin ciwon a ranki yake. Canji ne na zahiri a yadda jijiyoyi ke aiki, kuma yana iya komawa baya.

Saboda haka cije baki a daure shi ne mafi munin zaɓi. Duk saduwar da aka yi cikin zafi tana koya wa tsokoki su ɗaure tun kafin a taɓa ki. Hanyar da ta fi aiki ita ce hawa mataki-mataki, tsarin da masu binciken harkar saduwa William Masters da Virginia Johnson suka wallafa a 1970 kuma har yau ake amfani da shi. Ku amince tare cewa na mako biyu zuwa huɗu babu shigarwa sam. A wannan tsakanin ku ware minti 15 zuwa 20, sau biyu a mako, na shafa da runguma da tausa a wuraren da ba sa ciwo: baya, kafaɗu, wuya, hannaye, ƙafafu. Kowa ya yi wa ɗan'uwansa. Amfanin alkawarin shi ne jikinki zai saki, tunda ya san ba za a zarce ba, don haka karya shi ko sau ɗaya na mayar da aiki baya. In wannan ya zauna, sai a matso kusa da wurin, ke ce mai jan hannunsa, ke ce mai cewa a tsaya. Shigarwa ce ta ƙarshe, kaɗan, a hankali. Shi ma yana da buƙata, kuma ku yi maganarta a fili, don gamsar da juna na da hanyoyi da yawa da ba su bi ta wurin ciwon ba.

Idan an kai matakin ƙarshe, ƙananan abubuwa na kawo babban bambanci. Lokaci: da safe ko bayan an ɗan kwanta, ba daren wunin da aka sha zama ko tafiyar mota ba. Ki yi fitsari tukuna, ki zauna ko ki kishingiɗa a ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15. A yi amfani da man santsi na ruwa ko na silikon, wadatacce, marar ƙamshi, marar sinadarin da ke sa ɗumi ko sanyi. Mai mai maiƙo, wanda ba na ruwa ko na silikon ba, yana lalata kwaroron roba, in kuna amfani da shi. Duk wani abin matsi da sabulu mai ƙamshi ki nisanta su da wurin, matsewa ita ce matsalar tun asali. Kwanciya ta gefe, ko yanayin da ke ce ke iko da zurfi da sauri, sun fi sauƙi. Yanayin da ake naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji yana miƙe jijiyar, da yawa ba sa jure shi. Likita na iya rubuta man kashe zafi na lidoken mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, a shafa minti 10 zuwa 20 kafin lokaci sannan a goge, in ba haka ba shi ma maigidan wurin zai mutu masa. Yakan ɗan yi zafi da farko, ki gwada shi wata rana daban. Bayan an gama, ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 10, ko ɗumi in shi ya fi karɓarki. Ma'aunin da za ku riƙe: zafin kada ya wuce 3 ko 4 a lokacin, kuma ya koma inda yake kafin awa 24. In ya wuce haka, a koma matakin baya na mako ɗaya. Ga maza masu wannan ciwo, zafin ya fi zuwa bayan fitar maniyyi, wani lokaci da raunin gaba, kuma tsarin ɗaya ne.

Sai zama. Ki auna shi sau uku a ranaku daban-daban, daga lokacin da kika zauna zuwa lokacin da raɗaɗin ya fara ƙaruwa. A ce kin samu minti 12 da 18 da 15, matsakaicinsu 15 ke nan. Ki cire kashi ɗaya cikin biyar, saura 12. To minti 12 ne zamanki. Ki saita ƙararrawar waya, in ta buga ki miƙe ko da ba ki ji komai ba, ki ɗan taka ko ki kishingiɗa na minti uku zuwa biyar. Mako ya wuce lafiya, ki ƙara minti ɗaya ko biyu. Inda mutane ke faɗuwa shi ne ranar sauƙi: a yi wanki da shara da ziyara duk a wuni ɗaya don rama bashi, sannan a kwana uku a kwance. Iyali ba sa iya tsara komai da uwar da yau take tsaye gobe babu ita. Aiki kaɗan da ake samu kullum ya fi musu amfani.

Matashin zama za ki iya haɗa shi da kanki. Ki samu soso mai ɗan tauri, kaurin santimita 5 zuwa 8, ki yanke masa doguwar hanya a tsakiya daga baya zuwa kusa da gaba, ko ki raba shi biyu ki bar rata. Ƙasusuwan zama biyu su sauka a kan soson, tsakiya ta zauna a iska. Ki fara da ratar santimita 5 ki riƙa faɗaɗawa kaɗan-kaɗan, don in ta yi faɗi da yawa ƙasusuwan za su zurma ciki. Matashi mai siffar zobe ba ya yi wa kowa, yakan danna gefen wurin ya ja fatar tsakiya. Kujera mai laushi da ake nutsewa a ciki ta fi mai tauri cutarwa. A mota ki ɗan kwantar da kujera baya, a tsaya duk bayan minti 30 zuwa 45.

Yawancin abin da uwa ke yi a zaune ana iya yin sa a tsaye ko a kishingiɗe. Aikin makarantar yara a yi shi kina kwance ta gefe, su suna kusa da ke. Shayarwa ta gefe. Aikin kicin a kan teburin da ya kai cibiya, ƙafa ɗaya a kan ƙaramin abin taka, ana canzawa. In za ki ɗauki yaro ki fitar da numfashi lokacin ɗagawar, kada ki riƙe shi, in kuma ya iya hawa to ya hau gado ya zo jikinki da kansa. Doguwar tsugunawa ki rage ta. Lokacin cin abinci kada ki ware kanki a ɗaki, ki kasance tare da su ko a tsaye ne, don yawan keɓewa shi ke sa yara su saba da gida babu ke.

Taurin bayan gida abokin gabar jijiyar nan ne, kowane yunƙuri yana jan ta ƙasa. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a wuni, harza giram 25 zuwa 30 daga kayan lambu da 'ya'yan itace da hatsin da ba a cire wa dusa ba, ana ƙarawa a hankali don gudun kumburin ciki. A masai na zama ki ɗora ƙafafu a kan abin da ya kai santimita 15 zuwa 20, ki ɗan sunkuyo, ki saki ciki, kada ki wuce minti biyar. In bai isa ba, likita ya ba ki mai laushin bayan gida irin makurogol.

Ki nemi likitan fisiyo, wato mai magani ta atisaye da tausa, da ya ƙware a tsokokin ƙasan ƙugu. Gargaɗi ɗaya a nan: atisayen matse gaba da ake koya wa masu jego, wato na Kegel, yakan ƙara wannan ciwo, domin tsokokinki sakewa suke buƙata. Abin da za ki fara a gida shi ne numfashin ciki. Ki kwanta rigingine, matashi a ƙarƙashin gwiwoyi, hannu a kan cibiya. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ciki ya taso, ki ji ƙasan ƙugu na buɗewa, sannan ki sake shi kina ƙirga shida ba tare da kin matse komai ba. Minti biyar zuwa goma, safe da yamma. Sai an yi makonni ake ganin amfaninsa.

Farasitamol da danginsa ba su cika taɓa ciwon jijiya ba. Waɗanda ake farawa da su huɗu ne: amitiriptilin, wanda akan fara da miligiram 10 da dare a riƙa ƙarawa sannu, duloksetin, daga 30 zuwa 60, gabapentin, da piregabalin. Likita ne zai zaɓa ya kuma tsara adadin. Kowanne na buƙatar mako huɗu zuwa takwas kafin a yanke masa hukunci, kuma ba a dainawa farat ɗaya. Abin da ake nema shi ne zafin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ko rabi, wanda a aikace zai iya zama bambancin kwanciya da tsayuwa. Illolinsu na shiga harkar gida kai tsaye, shi ya sa maigida ya kamata ya san su. Amitiriptilin na kawo bushewar baki da taurin bayan gida da nauyin jiki da safe, shan sa awa biyu kafin kwanciya na rage na ƙarshen. Shi da duloksetin na iya rage sha'awa ko jinkirta gamsuwa, kada a ɗauka soyayya ce ta yi sanyi, a gaya wa likita ya gyara. Gabapentin da piregabalin na sa jiri da barci, a kula da tuƙi. Tiramadol da kodin ba abokan doguwar tafiya ba ne, suna ɗaure ciki, jiki na sabawa da su, haɗa su da piregabalin ko gabapentin kuma na iya danne numfashi. A kulle magungunan nan inda yaro ba zai kai ba, amitiriptilin musamman, ƙwayoyi kaɗan na iya halaka ƙaramin yaro.

Yara na gane fiye da yadda ake zato, kuma abin da ba a gaya musu ba sukan cike shi da tsoro. Ƙarami na iya ɗauka rashin jinsa ne ya kwantar da Mama, naki na biyun kuma wata rana zai iya jin ana cewa tun haihuwarsa ne, don haka a kiyaye wannan furuci a gabansa. Abin da suke buƙatar ji gajere ne: Mama na da ciwon jijiya da ke tashi in ta zauna, ba laifin kowa ba ne, ba a ɗauka, ba ya kisa, likita na duba ta. Ki ware wa kowannensu minti 10 zuwa 15 a kullum da ciwo ba ya sokewa, abin da za a iya yi ko a kwance, kamar karatu ko labari ko tsefe kai. Su taya aiki daidai shekarunsu, amma kada babba ya zama mai jinya ko wanda ake kai wa kukan zuciya. Wannan nauyin na manya ne.

Dangi ba sai sun san wurin ba. Jimla ɗaya ta isa, ki riƙe ta kina maimaitawa: "Ciwon jijiya nake da shi a ƙugu, zama ke tayar da shi, ina ganin likita." Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu da za su san cikakken bayani, su riƙa kare ki a bayan idonki. Gara ki je taro ki yi minti 40 a tsaye ki gaisa da kowa ki tafi, da ki ƙi zuwa gaba ɗaya. Ki faɗi lokacin tafiyarki tun da kika iso, maigida kuma ya zama shi ke cewa "mu tafi". Shawarwarin magani za su yi ta zuwa, ki yi godiya, ki ce za ki tambayi likitanki.

Shi ma maigidan yana gajiya, yana kuma jin kunyar faɗa tunda ba shi ke ciwon ba. Ku ware minti 20 a mako na maganar ciwo da kuɗin magani da rabon aiki, sannan ku bar wasu lokutan da ba a ambatarsa sam. Ya ci gaba da ganin abokansa. Ke kuma ki kula da zuciyarki: in kin yi mako biyu cikin ƙunci, babu abin da ke miki daɗi, barci da ci sun rikice, ki gaya wa likita, don damuwa da ciwo na ciyar da juna kuma tana da magani. Zama da masanin halayyar ɗan Adam da ya san ciwo mai daɗewa yana taimakawa, ku biyu in zai yiwu. In tunanin mutuwa ko cutar da kai ya zo miki, a ranar za ki faɗa wa wani ki je asibiti.

Kin tambayi ranar warkewa. Wasu na warkewa sarai. Da yawa na kaiwa inda ciwon ke nan amma ya ja baya, yana motsawa jefi-jefi, suna aikinsu da aurensu. Wasu kuma sai an wuce magani da fisiyo. Akwai allurar jijiya da ake yi ana kallo ta sikanin ko hoto, wadda babban amfaninta tabbatar da ciwon ne, kuma wani gwaji daga Faransa da aka wallafa a 2017 ya nuna ƙara mata sitiroyid, wato maganin rage kumburi, bai ƙara amfani ba. Akwai allurar Botox ga tsokokin da suka ƙi saki, da na'urar da ake dasawa ta riƙa aika wa jijiya ɗan lantarki. Akwai tiyatar sako jijiyar daga inda ta maƙale. A gwajin da likitan tiyata Roger Robert da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, na mutum 32, kusan bakwai cikin goma na waɗanda aka yi wa tiyata sun samu sauƙi bayan shekara guda, waɗanda ba a yi wa ba kuwa ba su kai biyu cikin goma ba. Gwajin ƙarami ne, tiyatar ta waɗanda aka tabbatar jijiyarsu a maƙale take ce, kuma sauƙinta kan ɗauki watanni har shekara ko fiye. Duk wanda ya yi miki alkawarin warkewa cikin mako guda, ki riƙe kuɗinki.

Tunda sauƙin a hankali yake zuwa, ido ba ya ganinsa sai an rubuta. Ki samu ɗan littafi, ƙarshen kowane wata ki rubuta minti nawa kike iya zama, kwana nawa ciwon ya tashi, kwana nawa yake ɗauka kafin ya lafa, da abin da kika yi wanda watan jiya ba ki iya ba. Sau da yawa tsawon tashin ne ke fara raguwa, daga kwana huɗu zuwa biyu, tun lambar zafin ba ta motsa ba. Ki nuna wa maigida shafin, shi ma yana buƙatar gani. Tashin ciwo bayan wata biyu na sauƙi ba ya nufin an koma farko, ki koma rabin zamanki na kwana biyu ko uku sannan ki sake hawa.

Akwai alamomin da ba na jira ba ne: tsakanin cinyoyi ya mutu ba kya jin taɓi, fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ki sani ba, bayan gida na kufcewa, ƙafa ta yi rauni. Wannan asibiti ne a take, don yana iya zama matsewar jijiyoyin ƙarshen laka. Ciwon da ke tada ki daga barci kullum, rama ba dalili, zazzaɓi ko zubar jini kuma na buƙatar bincike da hoton MRI ba da jinkiri ba.

Haihuwa kuwa, ciwon ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya kuma taɓa jariri. Abin da ake so shi ne shiri kafin cikin ya shiga. A duba magungunanki tun watanni kafin, domin a 2022 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗin cewa piregabalin a watanni ukun farko na iya ɗan ƙara haɗarin nakasa ga jariri, sauran ma likita ne zai auna amfaninsu da haɗarinsu. Kada ki yanke su da kanki in kin ga ciki, ki je a rage miki a hankali. Wasu matan ciwon na ƙaruwa a watannin ƙarshe saboda nauyi, wasu ba ya canzawa. Haihuwa da kanki ko ta tiyata hukunci ne da za a yanke da likitan mata bisa yadda naƙudarki ta baya ta kasance, girman jariri, da inda ciwon yake a lokacin. In an zaɓi haihuwa da kanki, a rubuta a katinki tun da wuri cewa a guji dogon yunƙuri, a bar ki ki kwanta ta gefe, kada a daɗe da ɗage miki ƙafafu sama, sannan a fara mai laushin bayan gida tun ranar farko bayan haihuwa.